Kwalaben da Inna Ta Turara

Ni ce na ce a sha ruwan. Gara in faɗi wannan tun farko, domin a layinmu na Agege har gobe akwai masu ba da labarin ta wata fuska. Wasu su ce iska ce ta taɓa yarinyar, wasu su ce baki ne ya kama ta saboda yawan wayonta. Babu iska, babu baki. Ni Fauziyya, mai digiri ɗaya da rabin na biyu a ilimin sinadarai, ni na tsaya a tsakar gida da takarda a hannu na ce ruwan rijiyarmu lafiyarsa lau.

Gidanmu irin dogon gidan hayar nan ne na Legas, ɗakuna suna kallon juna, rijiya a can baya kusa da katanga. Ɗaki biyu ne namu. Ɗaya na Inna, mahaifiyarmu, Hajiya Balkissa, wadda ta baro Damagaram tun tana amarya amma har yau bakinta bai yarda ya baro can ba. Ɗayan na yayana Barau, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, da matarsa Mariamu da 'yarsu A'ishatul Humaira. Ni kuwa ina kwana a makaranta, sai ƙarshen mako nake zuwa in ci tuwo in yi wa kowa gyara.

Bayan katangar nan da can raguna ake ɗaurewa. Shekara uku da suka wuce wani mutum ya karɓi filin, ya fara tara tsofaffin baturan mota da na sola. Yana da ma'aikata, mutanenmu 'yan ci-rani, suna fasa batir da gatari, su tuntsurar da ruwan cikinsa a ƙasa, su zare dalmar su narka ta a rabin duro. Da damina ruwa yana kwanciya a filin kwana da kwanaki. Rijiyar Legas kuma ba ta da zurfi, igiya gaba biyu ka taɓa ruwa.

Humaira tana da shekara biyu da rabi a lokacin, kuma bakinta ba ya hutawa. Yarinya ce da idan ƙishirwa ta kama ta sai ta nemi ruwa da harshe uku a jere, don kada wani ya ce bai ji ba. Ta ɗaga ɗan kofinta ja ta ce, "Ruwa! Omi! Wota!" Hausa don Inna, Yarbanci don Iya mai burodi ta ɗakin gaba, Turanci don ni. Ni take kira Anti Fau. Idan na dawo da farar rigar ɗakin gwaji in wanke, sai ta shige ciki tana jan ta a ƙasa tana cewa ita ce likita, kowa ya buɗe baki.

Yaya Barau ne ya fara tsorata. Ya ji wani shiri a rediyo a kasuwa game da abin da dalma take yi wa yara, ya dawo ya leƙa rijiya, ya leƙa katanga, daga ranar ya hana a ba Humaira ruwan gida, sai na leda. Wannan ya ɓata wa Inna rai ƙwarai. Inna tana da wata randa da aka kawo mata daga gida, kuma duk Juma'a da safe sai ta juye ta, ta wanke, ta kife ta a kan kasko mai garwashi da kajiji da ɗan ƙaro, hayaƙin ya shige ta sosai, sannan ta cika ta da ruwan rijiya. Ruwan yakan yi sanyi da wani ƙamshi da ba na iya kwatanta shi ga wanda bai sha ba. Mutanen layi har sallama suke yi don su sha. A ce jikarta ta bar wannan ta koma tsotsar leda, ai cin fuska ne.

"Ruwa mai ɗanɗanon roba," in ji Inna. "Ku duka da mi na rene ku? Ga ka nan ƙato, kana ɗaukar kwandon tumatir kamar hula."

"Inna, lokacin babu masu batir," in ji Yaya.

Sun yi wata biyu a haka, Anti Mariamu a tsakiya, idan ta ba yarinya na leda suruka ta haɗe rai, idan ta ba ta na randa miji ya haɗe rai. Rannan Yaya ya juyo kaina.

"Ke Fauziyya, karatun nan naki na mene ne wai? Ba za ki iya auna mana mu huta ba? Abeg."

Zan iya mana. Abin takaicin ma ke nan, ba wanda ya fi ni iyawa a duk layin.

Bari in faɗi yadda ake yi, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane laifina ba. A ɗakin gwajinmu akwai wani ɗan sanda kamar biro, a bakinsa an dasa ɗigon gwal, bai kai ƙwayar gero uku ba. Ilektirod muke ce masa. Sai ka tsoma shi a ruwan da kake son aunawa, na'ura ta sakar masa 'yar wuta. Idan akwai dalma a ruwan, wutar za ta jawo ta ta zauna a kan gwal ɗin. Bayan minti biyu sai ka juya wutar, dalmar ta saki gwal ta koma cikin ruwa, kuma a wajen sakin nan kowace ƙwaya tana barin ɗan lantarki, na'ura ta ƙirga, ta zana tudu a allon kwamfuta. Tudu babba, dalma da yawa. Layi a miƙe, babu komai.

Amma akwai sharaɗi. Dalmar sai ta sami wurin zama. Fuskar gwal kamar motar hayar danfo ce a tashar Agege da safe, kujerun a ƙirge suke, wanda ya riga shiga shi ya zauna. Akwai wasu sinadarai da suke fitowa daga abu mai rai, irin su mai da sabulu da ƙaro da hayaƙin itace, waɗanda suke son gwal fiye da yadda matan biki suke son sa. Da sun gan shi sai su manne. Wasunsu ma, idan wutar ta juya, sai su kama hannun juna su zama wata 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani, kamar man da ya ƙone a gindin tukunya. Idan haka ta faru, ko dalma ta cika ruwan ba ta da inda za ta zauna. Na'ura za ta zana maka layi a miƙe, ka ɗauka babu komai, alhali gwal ɗin ne ya kurmance.

Wannan mannewar ita ce ainihin abin da nake bincike a kai. Shekara ɗaya da rabi ina zuba sinadarai iri-iri a kan gwal ina rubuta wanne ya kwanta, wanne ya tsaya a tsaye, wanne yake tashi idan an juya wuta, wanne ba ya tashi sai an goge. Malamata, wata Dakta Bayarabiya mai gajeren haƙuri, tana da magana guda da take maimaita mana har ta gundure mu. Takan ce idan gwal ya yi maka shiru, kada ka yarda da shirun sai ka tambaye shi ko yana ji. Wato ka ɗiga dalmar da ka san adadinta a cikin ruwan nan da kake aunawa, ka ga ko tudu zai tashi. Idan ya tashi, shirun farko gaskiya ne. Aikin minti goma ne.

Na kawo kwalaben roba uku daga makaranta, waɗanda na jiƙa a ruwan asid na ɗauraye da tataccen ruwa. Ina so a ɗibi ruwan washegarin ruwan sama mai ƙarfi, lokacin da abin da ke filin batura ya fi gangarowa. Tun da ban san ranar da za a yi ruwan ba, sai na bar wa Inna su.

"Inna, daga guga kai tsaye za ki zuba, ki rufe. Kada ki wanke su, a wanke suke."

Ta buɗe ɗaya ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta ce, "To."

Na shekara ashirin da biyar ina jin irin wannan "to" ɗin daga bakin Inna. Na san wanda yake nufin na yarda, na san wanda yake nufin gama maganarki ki tafi. Ina sauri in sami mota, ban tsaya na saurari ko wanne ne ba.

An yi ruwa daren Alhamis. Ranar Juma'a da azahar Yaya ya kawo mini kwalaben har ƙofar makaranta a kan babur ɗin okada, an naɗe su a wani tsohon ɗankwalin Inna. Na shiga ɗakin gwaji, na goge gwal ɗina har ya yi ƙyalli, na gwada shi da ruwan dalmar da muke ajiye da shi, tudu ya tashi tsaf yadda ya kamata. Sannan na buɗe kwalba ta farko.

Ƙamshi ya bugi hancina. Kajiji da ƙaro, safiyar Juma'a a gidanmu, a tsakiyar ɗakin da ba ya warin komai sai asid. Na yi murmushi. Har na ce wa wata abokiyar karatuna da ke kusa, "Kin ji mamana ko? Duk abin da ta taɓa sai ya yi ƙamshi." Na ce a raina ɗankwalin ne. Ban bi ta kan maganar ba.

Kwalba ta farko, layi a miƙe. Ta biyu, a miƙe. Ta uku haka.

Saura in tambayi gwal ko yana ji. Ƙarfe huɗu saura kwata, kuma ƙarfe huɗu ake kashe janareta ranar Juma'a. Zan iya cewa wannan ne dalili, na ma faɗa wa kaina haka watanni da yawa. Amma minti goma sha biyar ya ishi aikin minti goma. Gaskiyar ita ce layin ya yi mini daɗi. Layi a miƙe yana nufin Inna ta yi gaskiya, faɗa ya ƙare, ba sai mun je mun tsaya gaban mai gida ko mai filin batura ba, ba sai an fara neman wani ɗakin a garin nan da neman ɗaki yake tsufar da mutum ba. Na ce Litinin zan ƙarasa. Na buga takardar, na saka kwalaben a firjin ɗakin gwaji, na kama hanyar gida. Litinin ta zo da nata aikin.

Ranar Asabar na tara su a tsakar gida kamar mai wa'azi. Na nuna musu tudun ruwan gwaji, na nuna musu layin ruwanmu. Iya mai burodi ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah da Yarbanci, "Olorun seun!" Inna kuwa sai gyara zaman mayafi take yi tana kallon Yaya ta gefen ido.

"Kin tabbata?" in ji Yaya.

"Ga shi a rubuce."

"Na gani. Amma kin tabbata dai?"

Raina ya ɓaci. Ina da saurin hawa, kowa ya sani. Na ce, "Yaya, ni na taɓa zuwa Mile 12 na koya maka zaɓen tumatir?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ɗaga Humaira ya kai ta bakin randa da kansa, ya cika jan kofinta. Ta shanye ta ce a ƙara. Ina tsaye ina jin kaina kamar na ciyo wa gidan kofi.

Da ruwan aka riƙa dama mata kunu, da shi aka riƙa dafa mata taliya, shi take sha safe da rana da yamma. Mu manya ma muna sha, amma jikin babba yana jurewa, na yaro kuwa zuƙe dalma yake yi kamar soso. Wannan ma na sani, yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi.

Abin bai zo da gudu ba. Wata na uku ta fara ƙin abinci. Aka ce haƙora ne. Sai ciwon ciki, ta yi kwana uku ba ta yi bayan gida ba, aka ce tsutsa ce, aka ba ta magani. Ta yi fari fat, aka ce shawara. Yarinyar da ba ta zama ta koma kwanciya a jikin uwarta tana ƙananan koke-koke, idan an taɓa ta ta yi faɗa. Wani ƙarshen mako na lura ta daina gaida Iya da Yarbanci. Na ce wa Anti Mariamu ƙiwa ce, yara suna yin haka. Na zo da farar rigata, na shimfiɗa mata, ta kalle ta ta kau da kai. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan rijiya ba. Ai na auna.

A wata na bakwai, wata Asabar bayan la'asar, ina tsinke alayyafo a ƙofar ɗakin Inna, na ji Anti Mariamu ta ƙwala ihu. Humaira ce a ƙasa, jikinta ya sandare yana karkarwa, idanunta sun juye. Ban san yadda muka fita titi ba. Na dai tuna Yaya babu takalmi, yana riƙe da ita yana tare keke napep da ƙafa.

A asibiti suka tsayar da jijjigar, suka gwada zazzaɓin sauro babu, suka gwada sanƙarau babu. Kwana na uku wani matashin likita ya zaunar da mu ya fara tambayoyin da ba su yi kama da na asibiti ba. Ana sa mata kwalli? Wane iri? Fentin ɗakin yana ɓarewa? Akwai masu aikin ƙarfe ko batir kusa da gida?

"Akwai masu batir a bayanmu," in ji Yaya. "Amma ba ruwan ba ne, dokta. An auna ruwan. Ƙanwata ce ta auna da kanta, ga ta nan, a jami'a take."

Da alfahari ya faɗa, har yana nuna ni da hannu. Likitan ya dube ni. A daidai lokacin ƙamshin nan ya dawo mini a hanci, kajiji da ƙaro, kamar yanzu na buɗe kwalbar.

Sun aika da jininta wani wuri. Kafin sakamako ya fito na riga na sani, amma ina so in gani da idona. Washegari da sassafe na je gida, na jefa guga da hannuna, na cika sabuwar kwalba, na wuce makaranta.

Kwalaben Inna suna nan a bayan firji inda na bar su, da sunana a jiki. Na goge gwal, na gwada shi da ruwan gwaji, tudu ya tashi. Na zuba ruwan kwalbar Inna, layi a miƙe kamar ranar farko. Sannan na yi abin da ya kamata in yi wata bakwai da suka wuce. Na ɗiga dalma a ciki, wadda ta isa a rufe rijiya saboda ita. Layi a miƙe. Na ninka. A miƙe. Sai da na ninka sau biyar sannan wani ɗan ƙullutu ya ɗago kamar ƙurji. Na duba agogo, don ina so in cuci kaina da kyau. Minti tara aikin ya ci.

Na sake goge gwal ɗin, na tsoma shi a ruwan da na ɗebo da safe. Tudun bai tsaya a allo ba, ya fita ta sama.

Ban san Dakta tana bayana ba. Ta daɗe tana kallon allon, ta ɗauki kwalbar Inna ta shinshina, ta girgiza ta, ta ga 'yar kumfa ta taso.

"Sabulu da hayaƙi," ta ce. "Sabulun ya kwanta a kan gwal, na hayaƙin ya zo ya ɗinke a kai. Babi na uku na aikinki ke nan, Fauziyya. Ke kika rubuta shi." Sai ta ga fuskata, ta sassauta murya. "Ruwan wa ye?"

Na ce ruwan gidanmu ne. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Na sami Yaya a barandar asibiti, sakamakon jinin yana hannunsa. Na faɗa masa duka, ban rage ba, har da minti goma sha biyar ɗin da suka rage kafin a kashe janareta. Na shirya ya mare ni. Wallahi na so ya mare ni. Sai ya naɗe takardar sau huɗu ya sa a aljihu, ya ce, "Sau biyu na tambaye ki." Ya tashi ya koma ɗakin da 'yarsa take.

Da yamma na je gida, na sa aka ɗora faifan kwano a bakin rijiya aka danne da bulo, na bi ɗaki ɗaki na faɗa wa masu yara su kai su a gwada jininsu. Na sha kallo. Iya mai burodi, wadda jikokinta biyu suke zuwa hutu wurinta, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ba kin ce lafiya ba?" Na ce na ce. Ɗakin Inna na bari ƙarshe.

Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, randar a kusurwarta, an rufe ta da faifai. Na durƙusa.

"Inna, kwalaben nan da na bar miki. Me kika yi musu?"

"Waɗanne? Butelin nan masu warin tsami?" Ta ajiye carbin. "Na wanke su mana. Ke ma dai, Fauziyya. In zuba ruwan gidana cikin abu mai wannan wari, a kai gaban mushenku na lakwal, malaman makarantar nan taku, su ce uwarki ƙazama ce? Da garin sabulu na wanke su, na kife su bisa kasko tare da randa, sai da suka yi ƙamshi kana na zuba. Amma daga guga na zuba, yadda kika ce."

Tana faɗa tana ɗan murmushi, irin na wanda ya yi maka alherin da ba ka roƙa ba. Inna ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa yi mata bayani sau biyu ba. Na ga murmushin yana janyewa a hankali.

"Wankin ne ya ɓata awon?"

"Ya rufe wa na'urar ido, Inna. Akwai dalma a ruwan. Da yawa."

Ta juya ta kalli randar, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ɗora hannu biyu a ka, muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba.

"Ni na shayar da ita. Da hannuna. Ina cewa sha, 'yar gidana, ruwan kakarki ya fi na leda."

A nan ne na ga hanya a buɗe. Da na yi shiru, da laifin ya zauna a kan tsohuwar da ba ta ji magana ba, kuma kowa zai yarda, har ita kanta. Na ce kada ta wanke, ta wanke. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan hanyar na ɗan lokaci, kamar yadda na ji daɗin layin nan.

"Ba ke ba ce, Inna," na ce. "Ke ba ki san abin da sabulu yake yi wa gwal ba. Ni na sani, shi ne karatuna. Da na buɗe kwalbar na ji ƙamshin. Na ji shi sarai, na yi dariya, na ce mamana ke nan."

Ta dube ni. Na zaci za ta rungume ni ko ta kore ni, ba ta yi ko ɗaya ba. Muka zauna a ɗakin muna kuka, kowa a gefensa, har aka kira magariba.

Humaira ba ta mutu ba. Ta yi mako biyar a asibiti ana ba ta maganin da yake kamo dalma daga jini yana fitar da ita ta fitsari. Ranar sallama likitan ya ce jinin zai yi ta gyaruwa, amma abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa ba shi da alkawari a kai. Wani yana dawowa, wani ba ya dawowa, sai dai a jira. Yara huɗu aka samu da dalma a gidan, nata ya fi na kowa, don ita kaɗai ce take da kakar da ke bin ta da kofi da gwaggon da ta sa hannu a takarda.

Filin batura yana nan. An kai ƙara, an zo an duba, sun daina fasawa da rana na ɗan lokaci. Yaya ya sami ɗaki a wani layi can wajen titin jirgi, ya kwashe iyalinsa. Yana gaishe ni idan mun haɗu, yana amsa gaisuwata, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai kuma sake tambayata komai ba, ko ƙarfe nawa. Inna ta fitar da randar ta ajiye a can bayan ɗakuna a kife, kaskon ma ban sake ganin sa ba. Yanzu Juma'a a ɗakinta ba ta da ƙamshin komai. Ni kuwa na gama digirin, babi na uku har yabo ya samu.

Makon jiya Anti Mariamu ta kawo Humaira gaida Inna, na tarar da su. Ta yi tsawo, ta yi ɗan kumari, an yi mata kitso mai kyau. Na durƙusa a gabanta na ce, "Humaira, wace ce wannan? Anti wa?" Ta kalle ni da ladabi, irin kallon da yara suke yi wa baƙon da aka ce su gaida, sannan ta koma wasa da gefen tabarma.

Can an jima ta tashi. Jan kofinta yana nan a kan kwabar Inna, ta miƙa hannu ta ɗauko, ta tafi kusurwar da randa take a da. Ta tsaya a wurin, babu komai sai zagayen da gindin randar ya bari a siminti. Ta juyo ta ɗaga kofin sama, ta dubi Inna, ta dubi uwarta, ta dube ni. Bakinta ya buɗe, leɓenta yana motsi. Mu uku muna jira, ko da kalma ɗaya ce daga cikin ukun nan da take neman ruwa da su.

Ta daɗe a haka, kofin a sama. Daga baya Anti Mariamu ta ciro ledar ruwa daga jakarta, ta fasa da haƙori, ta zuba mata.